Wai Luigi Busà ya cancanci duk zuzutawar nan? Maki ɗaya fa ya ci

Dan_Fagge_77:
Salam jama'a. Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa sai na faɗa YouTube, na ci karo da wasan ƙarshe na kareti na Olamfik ɗin Tokyo, ajin kilo 75, tsakanin Luigi Busà ɗan Italiya da Rafael Aghayev ɗan Azarbaijan. Wallahi na gyara zama ina jiran in ga wuta, amma minti uku cur suna tsalle-tsalle kamar an zuba musu garwashi a ƙafa, wannan ya matso wancan ya ja baya, aka tashi 1 da 0. Maki ɗaya tal! Kuma wai shi ke nan an ba mutum zinare, Italiya ta ɗauka da murna. To masana a gidan nan ku fahimtar da ni, mutumin nan gwani ne da gaske ko sa'a ce ta faɗo masa ranar? Don ni dai a idona Aghayev ya fi shi zafi.

Sensei_Mai_Baƙin_Bel:
Wa alaikumus salam. Dan Fagge ka kalli minti uku ka yanke wa shekara goma sha biyar hukunci. Busà ya fara zama zakaran duniya tun 2006 a Tampere ta ƙasar Finland, a ajin kilo 80, lokacin bai fi shekara 19 ba. Ya sake ci a Paris a 2012, kuma ka san wa ya doke a wasan ƙarshe? Aghayev ɗin nan dai naka. Ban da wannan kuma ya kai wasan ƙarshe na duniya a 2010 da 2014 da 2018 ya tashi da azurfa. Kofin Turai sau biyar ya ɗauka. Sa'a ba ta kai mutum wasan ƙarshe na duniya sau biyar malam.

Dan_Fagge_77:
To na ji Sensei, amma 1-0 fa?

Sensei_Mai_Baƙin_Bel:
Ai shi ya sa ma. Mutum biyu da suka shekara fiye da goma suna karawa, kowa ya san numfashin kowa, kowa ya san in wancan ya sauke kafaɗa me zai biyo baya, ba za ka ga ruwan maki ba. Kamar dara ce tsakanin tsofaffi biyu a gindin bishiya, in kai baƙo ne sai ka ce barci suke. A kumite, wato faɗan mutum biyu, naushi mai kyau maki 1 ne, shi ake kira yuko, shuri a gangar jiki maki 2, waza-ari kenan, shuri a kai ko ka kayar da mutum ka bi shi da naushi maki 3, ippon. Sannan akwai senshu, wato wanda ya fara cin maki shi kaɗai, in an tashi kunnen doki shi ke da nasara. To da zarar Busà ya samu makin nan na farko Aghayev ba maki ɗaya yake nema ba, biyu yake nema, kuma dole ya buɗe jikinsa ya shigo. Tsare wannan makin a gaban mutum irin Aghayev har ƙararrawa ta kaɗa shi ne aikin, ba tsallen da ka gani ba.

Bala_Guramada:
Ni fa ku yi haƙuri, wannan ba faɗa ba ne, taɓa-ni-in-taɓa-ka ne. A kawo shi gidan dambe turmi ɗaya mu gani. A wurinmu in ba a yi kisa ba ai ba a yi komai ba.

UmmuHaidar:
Hhhh Bala ka fara ko. Duk zancen da aka ɗauko sai ka kai shi gidan dambe.

Alhassan_Catania:
Bari in sa baki tunda a tsibirin da mutumin ya fito nake zaune. Busà ɗan Avola ne, wani ƙaramin gari a bakin teku kusa da Siracusa a Sisili, garin da aka sani da 'ya'yan almond da kuma inabi. Laƙabinsa ma a nan gorilla na Avola. Ranar da ya ci ba zan manta ba, 6 ga Agusta 2021, Juma'a ce, mun sauko daga masallaci ni da wani ɗan uwa ɗan Agadas muka tsaya a wani shagon shan kofi don zafi ya yi yawa, talabijin na manne a sama kusa da firjin ruwa. Tsohon da ke da shagon na tabbata bai san yuko ba bai san senshu ba, amma da aka shiga daƙiƙun ƙarshe ya ajiye tsummansa ya riƙe kanta da hannu biyu yana ihu da yarensu na Sisili wanda ko Italiyancin da na iya bai kama shi ba. Da aka tashi ya ƙi karɓar kuɗin kofinmu. To Dan Fagge abin da ya sa ka ga murnar ta yi yawa, ranar nan zinare uku Italiya ta kwasa, da safe Antonella Palmisano ta ci tseren tafiya na kilomita 20, sai Busà, sai kuma can gaba kaɗan 'yan gudun mita ɗari-ɗari na mutum huɗu suka doke Birtaniya da ƙyar. Ranar kowa a titi haƙoransa a waje.

Zabiya_Online:
Kuma a cikin huɗun nan na gudu akwai Fausto Desalu, iyayensa 'yan Najeriya ne, a can aka haife shi. Shi ya yi gudu na uku. Abin na min ciwo in na tuna.

Alhassan_Catania:
Haka ne Zabiya. Shi da Jacobs da Patta da Tortu.

Malam_Sabitu:
Ni na fi karkata ga Dan Fagge a rabin maganarsa. Ba wai Busà ba gwani ba ne, amma in ana maganar wa ya fi a tarihin ajin nan Aghayev ne, ba ja. Zakaran duniya sau biyar, Turai sau goma sha ɗaya, har ajin da ba ruwansa da nauyi ya ci a 2008 duk da gajartarsa. A 2010 a Belgrade shi ya doke Busà a wasan ƙarshe. Kawai dai a Tokyo yana da shekara 36, Olamfik ta zo masa a makare. Da a 2008 aka sa kareti a Beijing da ba mai tsaya masa.

Sensei_Mai_Baƙin_Bel:
Malam Sabitu ban musa ba, in aka jera kofuna Aghayev na gaba. Amma shi ma Busà 33 yake da ita lokacin, ba yaro ba ne. Duk su biyun tsofaffi ne a lissafin wasan nan. Kuma da "da" ai ba a cin zinare.

Malam_Sabitu:
Na yarda. Ni dai kar a ce don ya ci ranar ya fi shi gaba ɗaya.

UmmuHaidar:
Ni ba maki ne ya dame ni ba, labarin yarintarsa ne ya taɓa ni. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa yana ɗan shekara 13 nauyinsa kilo 94, yara na tsokanarsa saboda ƙiba. Mahaifinsa ne kocinsa tun yana ƙarami, gidansu gidan kareti ne, har 'yan uwansa mata suna yi. Ina da yaro mai jiki ɗan shekara sha ɗaya, akwai lokacin da ya daina fita wasa a layinmu kwata-kwata, in an tashi makaranta ya shige ɗaki, sai daga baya na gane wani suna suka laƙa masa wanda ba zan rubuta a nan ba. Ranar da na nuna masa hoton Busà da lambar zinare a wuya na ce wannan ya fi ka ƙiba da yana kamarka, shiru ya yi ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sai ya ce Umma da gaske? Yanzu wata bakwai kenan yana zuwa atisaye Asabar da Lahadi. Bai rame sosai ba gaskiya, tuwo na nan yana shan kashi, amma yana fita waje, ni wannan ya ishe ni.

Zabiya_Online:
Allah sarki. Allah ya raya mana shi Anti.

Dan_Fagge_77:
Amin. Wannan ɓangaren ban san shi ba Hajiya.

Bala_Guramada:
Allah ya raya. Amma fa ina nan kan bakana. Wasan da za ka sumar da mutum a ce kai aka cinye, wane irin wasa ne? Ku tuna Balaraben nan.

Abba_Injiniya:
Tareg Hamedi yake nufi, ɗan Saudiyya. Washegarin wasan Busà ne, wasan ƙarshe na manya masu nauyin sama da kilo 75. Yana gaba da 4-1 ya kai wa Sajjad Ganjzadeh na Iran shuri ta sama, mutum ya zube, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, alƙalai suka kori Hamedi aka ba wanda ya suma zinare. Gaskiya Bala ko ni ranar raina ya ɓaci. Saudiyya dai ta ba shi riyal miliyan 5, wato ladan mai zinare.

Sensei_Mai_Baƙin_Bel:
Raina ni ma ya sosu amma doka ce kuma kowa ya sa hannu a kanta kafin ya hau tabarma. Abin da ake aunawa a wasan nan shi ne ka kai bugu da cikakken gudu da ƙarfi ka tsayar da shi daidai fatar mutum. Bala kana ganin kamar sauƙi ne, wallahi dukan mutum ya fi sauƙi sau goma. Sakin hannu kowa ya iya, birki ne wuya. Ina da ɗalibai masu ƙarfi kamar doki da har yau ba sa cin gasa saboda gargaɗi ke cinye su, sai ka ga yaro ya yi wa abokin karawarsa jina-jina a leɓe yana murna, alƙali kuma ya ɗaga masa hannun laifi. Kuma wannan shi ne abin da Busà ya ƙware a kai, mutum mai ƙirar ƙarfi da son shiga jiki amma ya shekara goma sha biyar a sama ba a san shi da zubar da wasa ta haka ba.

Bala_Guramada:
To ku riƙe birkinku mu riƙe zarenmu.

Issoufou_Zinder:
Ina bin ku tun ɗazu. Akwai tambayar da ba wanda ya yi, me mutumin nan yake ci duk shekarun nan? Kareti ba ƙwallon ƙafa ba ce, ba kulob mai biyan miliyoyi. Tsakanin 2006 da 2021 shekara 15 ce. Amsar ita ce ma'aikacin gwamnati ne. Italiya na ɗaukar 'yan wasanta aiki a rundunonin tsaro, shi Busà a lokacin yana ƙungiyar wasanni ta Carabinieri, kamar jandarmominmu na Nijar kenan, kafin nan yana ta masu gadin daji har aka haɗe su da Carabinieri a 2017. Albashi na shiga duk wata, aikinsa atisaye. Viviana Bottaro da ta ci tagulla a kata (nuna salon motsi ba tare da abokin faɗa ba) a Tokyo ɗin 'yar ƙungiyar 'yan sanda ce a lokacin, haka Jacobs. Sannan kwamitin Olamfik na ƙasar ya ba duk mai zinare yuro 180,000. To kafin a ce sa'a ko gwaninta a duba wa ya riƙe masa tukunya.

Alhassan_Catania:
Issoufou ka taɓo wurin. Amma a cire haraji daga yuro 180,000 ɗin nan fa, Italiya ba ta barin ko na jariri.

Abba_Injiniya:
Mu ma ai muna da irin tsarin a da. Chioma Ajunwa da ta ci zinaren dogon tsalle a Atlanta 1996 'yar sanda ce. Ba sabon abu ba ne a wurinmu, riƙewa ce ta gagara.

Sensei_Mai_Baƙin_Bel:
Kun sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa, a kan siminti muke atisaye, tabarmar roba guda goma sha biyu muke da ita kuma sai ranar jarrabawar bel ake shimfiɗa ta don kar ta mutu. Na taɓa samun wani yaro, ba zan kama suna ba, dogo siriri, ƙafarsa ta hagu kamar bulala, in ya ɗaga ta sai dai ka ji iska a kunnenka. Na rantse da ya samu abin da Busà ya samu da duniya ta ji shi. Muka je wata gasa a kudu, kwana biyu a mota, kuɗin motar ma karo-karo muka yi, waɗanda suka ce za su mayar mana har yau shiru. Ya ci azurfa da zazzaɓi a jikinsa. Bayan shekara ɗaya mahaifinsa ya rasu, shi ne babba, yanzu Adaidaita yake ja. Wani lokaci in ya gan ni a titi ya tsaya ya ɗauke ni ya ƙi karɓar kuɗi, yana ce min Sensei har yanzu, ni kuma kunya ta hana ni kallon idonsa. Shekararsa 22 ya bari. Busà a 22 ko rabin tafiyarsa bai yi ba.

UmmuHaidar:
Kai. Wannan ya kashe min jiki.

Mai_Shayi_Sabon_Gari:
ni dai tambaya wai kareti ba na china bane? ya akai bature ya fi su

Zabiya_Online:
Na Japan ne Mai Shayi, asalinsa tsibirin Okinawa. Na China kung fu ne, finafinan da muka kalla muna yara ne suka haɗe mana su wuri ɗaya.

Abba_Injiniya:
Kuma abin mamaki a gidansu aka yi, a zauren Nippon Budokan, amma zinare ɗaya kacal Japan ta samu cikin takwas, na Ryo Kiyuna a kata, shi ma ɗan Okinawa. A faɗa kuwa ko ɗaya. Ken Nishimura da suke taƙama da shi a ajin su Busà ko rukuni bai fita ba. Masar ma ta ci zinare ta hannun Feryal Abdelaziz, mace ta farko da ta taɓa ciyo wa ƙasar.

Malam_Sabitu:
Tunda an ambaci kata, mutane na mantawa Sisili ta fitar da wanda a ganina ya fi Busà ma a fanninsa, Luca Valdesi ɗan Palermo, zakaran duniya sau uku a jere, 2004, 2006, 2008. Amma wa ya san shi yau a wajen 'yan kareti? Ba kowa, don lokacinsa babu Olamfik. Ga Sara Cardin, ta ci duniya a 2014, Tokyo ba ta samu gurbi ba. Shi ya sa nake cewa Dan Fagge bai yi ƙarya gaba ɗaya ba da ya ambaci sa'a. Ba sa'ar minti ukun ba, sa'ar zamani.

Issoufou_Zinder:
Wannan gaskiya ne Malam, har da sa'ar sikeli. A gasar duniya ajin maza biyar ne, kilo 60, 67, 75, 84 da sama da 84. A Tokyo aka matse su zuwa uku. Ɗan kilo 60 dole ya kara da na 67, ɗan 84 aka jefa shi cikin ƙattai. Ajin 75 ne kaɗai aka bari yadda yake, su Busà ba su ƙara ba ba su rage ba.

Sensei_Mai_Baƙin_Bel:
Na karɓi wannan, amma ku juya shi ta ɗaya gefen ku ga nauyin da ke kansa. A 2016 aka amince kareti zai shiga Tokyo. Tun farkon 2019 Faransa ta fitar da wasannin da za ta ƙara a Paris 2024, babu kareti, ta sa rawar breaking. Wato tun kafin su hau tabarma sun san wannan ce ta farko kuma babu ta biyu a gabansu. Sai korona ta zo ta ɗaga gasar shekara guda, kai kuma kana 32 gwiwa na ƙara tsufa. Mutum goma a aji, yini ɗaya, daga rukuni har ƙarshe. Bai ma fara ranar da daɗi ba, sai da ya sha kaye a rukuni, sannan ya farfaɗo, ya cire Stanislav Horuna na Yukren a wasan kusa da na ƙarshe. Ɗan judo in ya faɗi ya ce sai bayan shekara huɗu. Shi ba shi da wannan maganar.

Zabiya_Online:
Abin haushin ma Faransa ɗin na da zakara, Steven Da Costa ya ci zinaren kilo 67 a Tokyo, aka zo gidansu bai samu damar kare shi ba. Los Angeles 2028 ma babu.

Bala_Guramada:
An cire faɗa an sa rawa hhhh. To ai gara a sa dambe, mu da kiɗanmu muke zuwa, an huta.

Issoufou_Zinder:
Bala in za a sa na gida kokawa ce gaba, ka zo ka ga yadda ƙasa ke tsayawa cak lokacin gasar takobi. Amma ka lura da abu ɗaya, mu a Nijar taekwondo ce ta ciyo mana azurfa a Rio 2016 ta hannun Alfaga, tun daga nan iyaye da hukuma suka san da ita. Wasan da ke cikin Olamfik shi ake ba kuɗi. Tsorona ga kareti kenan ko a Italiya ɗin, in babu lambar da za a ciyo anya rundunonin nan za su ci gaba da ɗaukar yara kamar da?

Alhassan_Catania:
Wuraren koyo dai suna nan cike da yara a unguwarmu, da yamma za ka gansu da fararen kaya iyaye na jiransu a mota. Na manya ne ban sani ba.

Dan_Fagge_77:
Na koma na sake kallon wasan yanzu da abin da Sensei ya faɗa a kaina, na rage gudun bidiyon. Gaskiya na ga abin da ban gani ba jiya, duk lokacin da Aghayev ya yunƙuro sai ka ga Busà ya riga ya rufe tazarar ko ya fice, ba ya tsayawa a inda hannu zai same shi. Na janye kalmar sa'a. Amma har yanzu in aka ce in zaɓi wanda zan biya kuɗi in kalla, Aghayev zan zaɓa.

Malam_Sabitu:
Ni ma haka. Ai ya koma Karate Combat inda ake duka na gaske, Bala je ka kalla can ka huta da mu.

Bala_Guramada:
Turo min.

Sensei_Mai_Baƙin_Bel:
Dan Fagge ka nemi wasansu na Paris 2012 ma ka kalla kafin ka rufe littafi. UmmuHaidar ki ce wa yaron ya riƙa ɗaga hannunsa na gaba yana kare fuska, duk masu jiki da na koyar da wannan matsalar suke farawa.

UmmuHaidar:
Zan faɗa masa Sensei, na gode. Wai nawa ake sayar da robar haƙoran nan? Malaminsu ya ce a sayo kafin Asabar.